Awa Ɗaya A Mako Don Makafin Mazaɓarmu: Kira Ga Matasan Gidanmu



Yau babu martani, babu maganar kujera. Wani aiki na kawo mana wanda nake ganin mu ya fi dacewa mu ɗauka: mu riƙa tattara labaran gari da sanarwoyin hukuma, mu karanta su da muryarmu, mu naɗa a waya, mu kai wa makafi da dattawan da ganinsu ya yi rauni, kowane mako, kyauta. Akwai kuma sharaɗi guda da na san wasunmu ba za su ji daɗinsa ba, shi ne kada sunan jam'iyyarmu ko na jagoranmu ko na wani ɗan takara ya shiga ciki. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku ce shugaban matasa ya sauya sheƙa.

Mu fara da sanin yawan mutanen da ake magana a kansu. Binciken ƙasa da aka yi kan makanta a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma idan aka haɗa da masu raunin gani sosai adadin ya haura miliyan huɗu. Arewa maso Gabas ce ta fi yawa idan aka auna da yawan jama'a, Arewa maso Yamma kuma ta fi yawan mutanen kansu. Binciken ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar nan abu ne da za a iya karewa ko a warkar, kuma yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Wannan fa manya kawai aka ƙirga, ban da yara da samari. Ke nan babu mazaɓar da ba su, kuma da yawansu iyayenmu ne da kakanninmu da suke zaune a zaure, waɗanda ba ma ma sa su a lissafin makafi saboda da idonsu muka san su.

Na san abin da wani zai fara cewa: ai akwai rediyo. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya kai makaho riƙon rediyo. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, ga Jamus, ga Faransa, ga Rediyon Kaduna, ga gidajen FM da suka cika Arewa tun bayan da Freedom ta buɗe a Kano a 2003. Ka zauna da makaho mai sauraro, zai ba ka labarin majalisar dattawa da rikicin Sudan fiye da yadda kai mai ido za ka ba shi. To amma ka tambaye shi ranar da za a kafe rajistar masu zaɓe a firamaren unguwarsu, ko ranar da likitocin ido za su zo asibitin ƙaramar hukuma, ko an fitar da sunayen waɗanda za a ba taki. Nan ne za ka ji shiru. Irin waɗannan labaran ba sa isa London, sau da yawa ko gidan rediyon jiha ba sa isa. A bangon sakatariya ake manna su, ko a allon asibiti, ko a ɗauki hoton takardar a jefa a zauren WhatsApp. Duk hanyoyi ne na mai ido. Kuma su ne labaran da suke taɓa tukunyar mutum kai-tsaye. Sanarwa ta kwana bakwai a bango, wa'adi ya cika, makaho bai ji ba, sai daga baya a ce ai an sanar.

Wannan giɓin wasu ƙasashe sun daɗe da gano shi. A ƙarshen shekarun 1960 wani malamin harkar laburare a yankin Wales na Birtaniya mai suna Ronald Sturt ya je Suwidin, ya ga yadda ake karanta jaridar gari a naɗa wa makafi. Da ya koma gida, a 1970 aka fara irinta a garin Aberystwyth. Daga nan abin ya bazu, yau akwai ɗaruruwan irin waɗannan ƙungiyoyi a Birtaniya, suna kiran abin jarida mai magana. Da kaset aka fara, aka koma faifan CD, yanzu filashi da intanet. Gidan waya na ƙasar yana kai wa makafi saƙon ba tare da kuɗin kan sarki ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kusan duk masu aikin 'yan sa-kai ne: wani ya zaɓo labarai daga jaridar garin, wasu su karanta, wani ya kula da na'ura, wasu su zuba a jaka su kai gidan waya. Kuma wannan a ƙasar da take da BBC a cikin gida ne fa. Su ma sun ga cewa babbar rediyo ba za ta gaya wa tsohuwa makauniya an canza hanyar motar unguwarsu ko maƙwabcinta ya rasu ba.

Mu ba mu da gidan waya mai kai saƙo ƙofa-ƙofa, amma muna da abin da Sturt bai da shi a 1970. Kowannenmu yana yawo da na'urar naɗar murya a aljihu. Ƙaramar wayar da ake kira rakani-kashi ma tana cin memori, tana kunna murya. Ƙananan rediyoyin caji da suka cika kasuwa suna da gurbin memori da filashi. Yadda wa'azi da waƙa suke zagaya gari daga shagon masu turi zuwa wayoyin mutane, haka labarai za su iya zagayawa. Hanya a shimfiɗe take, masu bi ne babu.

Me ya sa na ce mu? Saboda babu wata ƙungiya a ƙasar nan da take da tsari har ƙasa kamar jam'iyyar siyasa. Ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, rumfunan zaɓe sama da 176,000, kuma a kowace mazaɓa muna da shugaban matasa, muna da shugabar mata, muna da wakilan akwati da suka san kowane lungu da kowane gida. Ranar zaɓe mun san gidan kowane makaho. Mun san wanda za a tura da babur ya ɗauko shi, mun san wanda zai riƙe masa sanda har bakin rumfa. Idan an gama ƙirga ƙuri'a sai mu manta hanyar gidan sai bayan shekara huɗu. Wannan ba laifin ɓangare ɗaya ba ne, al'adar siyasar ƙasar ce gaba ɗaya. Wasu kuma iyakar abin da suka sani shi ne a tara masu buƙata ta musamman a rana, a miƙa musu shinkafa ƙwarya biyu, masu kyamara su fi masu karɓa yawa. Idan muna cewa mu gidan aƙida ne, muna jingina kanmu da gwagwarmayar talakawa da su Malam Aminu Kano suka faro da NEPU a 1950, to ya kamata a ga bambancin a wani wuri da ba a kan fosta ba.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, lokaci muna da shi. Awa nawa muke ƙonawa a Facebook muna musayar zafafan kalamai da yaran wancan ɓangaren? Data nawa take tafiya a kan hoton da aka yi wa kwaskwarima don a ci mutuncin wani? Muryoyin da muke da su a cikin sojojin baka, waɗanda za su yi minti ashirin suna magana babu tuntuɓe, wallahi ko gidan rediyo zai yi sha'awarsu. Awa ɗaya kawai nake roƙo daga cikin wannan.

Yanzu ga sharaɗin da na ambata. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Ni da kai idan aka ba mu labari muka yi shakka, za mu je mu duba takardar da idonmu. Makaho ba shi da wannan damar. Abin da ka karanta masa shi ne takardar. Idan ka tsallake layi, a wurinsa layin bai taɓa wanzuwa ba. Idan ka ƙara kalma, ta zama cikin sanarwar. Idan ka karanta aikin da namu ya yi da murya mai daɗi, ka karanta na abokin hamayya da gatse, ka riga ka yi masa zaɓe ba tare da ya sani ba. Wannan amana ce irin ta wanda aka ba dukiyar maraya, kuma cin ta ya fi sayen ƙuri'a muni, don wanda aka saya ya san an saye shi.

Shi ya sa na ce babu taken jam'iyya a farko, babu waƙar ɗan takara a ƙarshe, babu "wannan shiri ya zo muku da ɗaukar nauyin mai girma wane". Idan shugaban ƙaramar hukuma na wata jam'iyya ya gina rijiya, a karanta. Idan namu ya yi alkawari bai cika ba kuma jarida ta buga, a karanta. Idan lokacin zaɓe ya zo, a karanta sunayen duk 'yan takara da jam'iyyunsu da alamominsu kamar yadda INEC ta jera su, da murya iri ɗaya. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba mai lalurar gani damar zuwa da wanda shi ya zaɓa ya taimaka masa wajen dangwala ƙuri'a, kuma tun zaɓen 2019 hukumar take kai jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi wasu rumfuna. Makafi nawa ne a ƙauyukanmu aka taɓa gaya wa cewa su ne masu zaɓen wanda zai raka su, ba wakilin jam'iyya ba? Wannan ma labari ne da ya kamata mu karanta musu, ko da zai rage wa wasu wakilanmu wata dabara da suka saba.

Wani zai ce, to mu mene ne ribarmu? Tambaya ce ta ɗan siyasa, ba zan yi fushi da ita ba. Ba zan yi wa kowa alkawarin ƙuri'a ba. Mai yiwuwa dattijon da ka shekara kana karanta wa labarai ya je ya zaɓi wanda muke adawa da shi, kuma haƙƙinsa ne. Amma garinmu ƙarami ne, kowa ya san muryar kowa. Ba sai ka ce kai ɗan gidan wane ba ne, an sani. Abin da mutane za su riƙe shi ne yaran gidan nan sun yi shekara suna aiki ba su nemi komai ba, kuma ba su taɓa yi mana ƙarya ba. Babu kuɗin da yake sayen wannan shaidar. Ranar da muka sa talla a ciki kuwa, ranar za a ce daman mun sani, kuma duk wahalar ta bi ruwa. Akwai kuma ribar da za ta dawo mana kai-tsaye. Matashin da ya saba karanta kasafin kuɗi da sanarwar hukuma kowane mako, yana tantance gaskiya da jita-jita, gobe idan ya zama kansila ba za a rufe shi da takarda ba. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi kowa yake tambayar nawa ya shigo, ina ya tafi. Makaho ma ɗan ƙaramar hukumar ne, yana da haƙƙin jin alƙaluman, mu ma karanta masa zai sa mu san su.

Ga yadda nake ganin za a tsara shi, kuma ƙofa a buɗe take ga gyara.

A kowace mazaɓa mutum shida sun isa. Biyu masu tattarowa, su zagaya sakatariya, asibiti, makarantu, ofishin hakimi da na dagaci, su duba Aminiya da sauran jaridun da suka taɓo yankin. Ɗaya mai tacewa, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar kowace sanarwa tana da tushe: wa ya sa hannu, yaushe, an kira an tabbatar? Duk abin da aka turo a WhatsApp babu sa hannu babu kwanan wata, a ajiye shi gefe. Biyu masu karatu, namiji da mace, don sauyin murya yana hana gajiya, kuma akwai gidajen da mace ce kaɗai za ta iya shiga ta kai. Sai ɗaya mai rarrabawa.

Kada shirin ya wuce minti ashirin zuwa talatin. A fara da ranar da aka naɗa, da ta Musulunci da ta bature, don kada wani ya saurari na watan jiya ya ɗauka na yau ne. A fara da abin da yake da wa'adi: rajista, rigakafi, aikin ido, rabon taki, ɗaukar ma'aikata. Sai farashin kasuwa, sai rasuwa da haihuwa da ɗaurin aure idan iyalan sun amince, sai labaran jiha da suka shafe mu. Duk lambar waya, kwanan wata ko adadin kuɗi a maimaita shi sau biyu a hankali. Idan takarda da Turanci take, a fassara ta yadda take, kada a taƙaita ta yadda mai karatu ya ga dama. Idan akwai hoto a faɗi abin da yake ciki. A nemi ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a nisanci janareta, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga baki. Bayan sallar asuba ya fi, kafin gari ya ɗauki hayaniya. Mai karatu ya tuna shi ba mai sharhi ba ne. Babu "hmm", babu dariya, babu "kun dai ji".

Rarrabawa hanya uku: zauren WhatsApp ga masu babbar waya, memori ga masu ƙaramar waya ko rediyon caji, sai kuma majalisa, inda za a kunna wa mutane da yawa lokaci guda. Kuɗin da ake buƙata bai wuce na memori da ɗan man babur ba. Mu yi karo-karo a tsakaninmu. Na fi son haka a kan mu je wurin wani babba, don wanda ya biya kuɗin kiɗa shi yake zaɓen waƙa, kuma a watan uku zai tambaya me ya sa ba a ambaci sunansa ba.

Abu na gaba ya fi duk waɗannan muhimmanci: kada mu fara komai sai mun je wurin masu abin. Makafi a ƙasar Hausa ba tarkace ba ne, suna da tsarinsu tun kafin a haifi jam'iyyunmu. Akwai Sarkin Makafi a garuruwanmu, akwai rassan Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, akwai waɗanda suka yi karatu a makarantu irin ta Gindiri a Filato, wadda aka buɗe tun 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, wasunsu da digiri, wasunsu malamai ne, wasu sun fi mu iya sarrafa waya da manhajar da take karanta rubutu. A je da ladabi a ce, Baba ga abin da muke tunani, me kuke so a karanta, wace rana, da wace hanya? A ba su kujera a kwamitin tacewa, kuma idan suka ce wani mai karatu yana sauri ko yana karkata, a canza shi. Wanda yake da murya a cikinsu ya gabatar da shirin da kansa. Mu masu aron ido ne kawai, shirin nasu ne.

Kuma kada wani ya ɗauka alfarma muke yi. A Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. To idan an manna tallar guraben a bango, wa zai gaya wa makahon da yake da takardun? Doka tana Abuja, bango yana sakatariya, shi yana gida. Tsakanin ukun nan ne aikinmu yake. Haka maganar lafiya. Aikin yanar ido ba ya ɗaukar dogon lokaci, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sauran wurare, kuma lokaci-lokaci ana kawo na kyauta garuruwa. Sanarwa ɗaya da ta isa kunnen da ya dace a kan lokaci tana iya mayar wa wata tsohuwa ganinta. Ka auna wannan da duk rubutun martanin da muka yi bana.

A addinance ma ba baƙon abu ba ne. Duk ɗan makarantar allo ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da ya zo neman sani, wanda ya zama ladani, wanda kuma Manzon Allah (SAW) ya riƙa bar wa Madina idan zai yi tafiya. Neman sani ya kawo shi, ba bara ba. 'Yan uwanmu Kirista da ke cikin tafiyar nan su ma sun san matsayin makafi a nasu littafin, kuma tarihi ya nuna mishan ne suka fara buɗe musu makarantu a Arewa. Babu wanda zai ce wannan aikin ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi.

Abin da yake kashe irin wannan aiki a wurinmu sananne ne: a fara da ɗoki, a yi taron ƙaddamarwa da rumfa da kujeru, a mako na huɗu a nemi mutane a rasa. Shi ya sa nake roƙon kada a yi taro, kada a buga riga, kada a ɗauki hoton kowa. Mazaɓa ɗaya ko biyu su fara shiru, su yi mako goma sha biyu a jere ba fashi. Idan dattijo ya saba kowace Juma'a da safe saƙonsa yana zuwa, ranar da bai zo ba zai zauna yana jira, kuma wannan jiran a wuyanmu yake. Wanda ya san ba zai iya riƙewa ba, gara kada ya ɗauka. Wanda ya san ba zai iya karanta alherin abokin hamayya da murya mai kyau ba, akwai sauran ayyuka, ya riƙe babur ɗin rarrabawa.

Ga shugabannin matasa na mazaɓu, ina so kowa ya kawo sunayen mutum shida a zamanmu na gaba, tare da sunan dattijo ko shugaban makafin da ya je ya gaisar, da abin da aka gaya masa. Ga 'yan uwanmu mata, ku ne za ku san matan da suke cikin gida waɗanda ko a lissafi ba a sa su, don Allah ku shigo. Ga yaran ɗaya ɓangaren da nake da tabbacin suna karanta wannan, idan kun ga dama ku kwafa ku riga mu farawa, ko ku zo mu yi tare. A wannan kam ba za mu yi muku martani ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mana ganinmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.